Filin Likitar Mata: "An Ce Bakin Mahaifata Ya Yi Ja"

Wasiƙun wannan watan kusan duk a wuri ɗaya suka tsaya, wato bakin mahaifa. Na tsamo shida daga ciki, na rage tsawon wasu, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti Likita. Shekaruna 27, 'ya'yana biyu, kuma ina shan ƙwayar tazarar haihuwa tun da na yaye na biyun. Watanni ke nan in mun sadu da maigidana sai in ga ɗigon jini, babu ciwo, kafin gari ya waye ya ɗauke. Na je asibiti, likita ya duba ya ce bakin mahaifata ya yi ja, ya rubuta wani abu wai ektirofiyon, ya ce in kwantar da hankalina. Amma da zan fita wata ma'aikaciya ta ce mini ai gyambo ne. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Me ke kawo shi? Ko farkon kansa ne ake ɓoye mini?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Ektirofiyon ba gyambo ba ne, ba kuma farkon kansa ba ne. Babu abin da ya ci naman wurin, babu abin da ya yanke shi. Tsofaffin littattafan likitanci sun daɗe suna kiransa zaizayewar bakin mahaifa, kuma har yau wasu ma'aikata ba su saki wannan sunan ba, shi ya sa kika ji abin da kika ji a bakin ƙofa.

Bari in bi da ke a hankali. Bakin mahaifa shi ne ƙarshen mahaifa ta ƙasa, tsawonsa kimanin santimita 3 zuwa 4, ya leƙo cikin farji. A tsakiyarsa akwai 'yar ƙofa. Ta nan jinin haila ke fita, ta nan maniyyi ke shiga, ta nan kuma jariri ke bi ranar haihuwa. Fata iri biyu Allah Ya shimfiɗa masa. Ta waje, wadda ke fuskantar farji, mai kauri ce, hawa-hawa, sumul, an yi ta don ta jure gogayya. Ta cikin ƙofar kuwa siririya ce, shimfiɗa ɗaya tak, aikinta fitar da ruwa mai yauƙi, kuma saboda rashin kaurinta ana hango jijiyoyin jinin da ke ƙarƙashinta, shi ya sa take ja wur. Ki tsaya gaban madubi ki jawo leɓenki na ƙasa ki juyo da shi waje. Jan naman nan mai damshi da kika gani ba rauni ba ne, cikin leɓe ne ya fito fili. Abin da likitanki ya gani ke nan: fatar cikin ƙofa ta juyo waje, ta yi jan zobe a kewayen ƙofar.

Idan muka sa na'urar buɗa gaba muka haska fitila, zoben yana sheƙi, gefensa a fili, wani ƙarami ne iya bakin ƙofar, wani kuma ya mamaye kusan duk fuskar wurin. Sau da yawa da zarar audugar gwaji ta shafe shi sai ki ga ɗigon jini ya tsatso a inda ta taɓa. Wannan shi ne abin da ke faruwa lokacin saduwa. Jinin ba daga cikin mahaifa yake ba, ba kuma haila ba ce, daga saman wannan siririyar fatar yake.

Mai juyo da ita waje, a mafi yawan lokuta, sinadarin estirojin ne, homon ɗin da ƙwan mace ke fitarwa. Idan ya yi yawa a jini, bakin mahaifa yakan ƙara girma, ya ɗan buɗe, fatar ciki ta biyo waje. Saboda haka duk lokacin da estirojin ya hau, a nan ake ganin abin: lokacin balaga da shekarun da ke biye da shi, lokacin goyon ciki, da kuma lokacin da mace ke shan ƙwayar tazara mai haɗin homon biyu, wato estirojin da furojestin. Ke ga shi kin haɗa biyu, ƙuruciya da ƙwaya, ga kuma haihuwa sau biyu, ita ma takan sauya fasalin ƙofar daga zagaye zuwa tsaga, abin da ke ƙara bayyanar da fatar ciki. Wasu ma da shi aka haife su, domin estirojin na uwa yana ratsa mabiyiya ya isa ga jaririya tun tana ciki. Binciken da aka yi a wurare daban-daban ya samu abin a jikin mata kashi 17 zuwa kashi 50 cikin 100 na waɗanda ke shekarun haihuwa. Abin da ake samu a jikin mata masu yawa haka, galibinsu ba su ma san suna da shi ba, ni ban ga dalilin kiransa cuta ba.

Jiki kuma da kansa yake gyara kayansa. Ruwan farji yana da tsami, kuma wannan tsamin a hankali yake sa siririyar fatar da ta fito ta rikiɗe ta koma mai kauri irin ta waje. Shi ya sa abin ke raguwa yayin da shekaru ke ja, ba kasafai kuma ake ganinsa ba bayan haila ta ɗauke.

Sai dai ga inda ban gamsu da "kwantar da hankalinki" ita kaɗai ba. Ektirofiyon ba ya zama kansa, ba ya kuma ƙara wa mace haɗarin kamuwa da ita. Amma kansar bakin mahaifa, a farkonta, ita ma takan yi ja, ita ma takan yi jini bayan saduwa. Haka kumburin da cututtukan saduwa irin su kilamidiya ko gonoriya ke kawowa, haka ɗan tsiron nama da kan leƙo daga ƙofar. Ido kaɗai ba ya raba su a kowane lokaci, ko idon gwani ne. Ki koma ki tambayi abu biyu: an ɗauki ruwan wurin an gwada ƙwayoyin cutar saduwa? An yi gwajin bakin mahaifa na gano kansa tun da wuri, ko na Pap, mai duba ƙwayoyin fatar wurin, ko na HPV, ƙwayar cutar da ke kawo kansar? Ƙasashe sun bambanta a shekarun da ake fara wannan gwajin ga mace mai lafiya, Amurka 21, Ingila 25, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce 30. Amma wannan lissafin na wadda ba ta ga komai ba ne. Ke kina ganin jini, don haka kada a ce miki shekarunki ba su kai ba. In wani abu ya shige wa likita duhu, akwai na'urar kolfoskofi mai ƙara girman wurin, a ɗan tsinki nama kaɗan a kai ɗakin gwaji.

Ƙwayar tazarar kuma kada ki ajiye ta da kanki a daren nan, in ba ciki na uku kike nema ba. Ki zauna da mai ba ki ita ku duba hanyoyin da babu estirojin a cikinsu: ƙwaya mai furojestin zalla, allurar wata uku, ashanar damtse, ko robar mahaifa mai tagulla. Kowacce da nata halin, wasunsu ma sukan kawo ɗigon jini na kansu a watannin farko, ki tambaya kafin ki zaɓa. Mata da yawa da sauya hanyar kawai zoben ke ja da baya cikin 'yan watanni.

TAMBAYA: Likita, shekara uku ina fama da ruwa yana fita ta gabana, fari, wani lokaci garai-garai mai yauƙi, har sai na sa audugar mata ko ba na haila. Ba ya wari, ba ya ƙaiƙayi sai in na gama shan magani. Maganin sanyi kam babu irin wanda ban sha ba, ƙwaya, allura, na cusawa. Kullum sai na wanke ciki da ruwan kashe ƙwayoyin cuta. Na gaji. Wane magani ne ya fi ƙarfi?

AMSA: 'Yar'uwa, ba magani mai ƙarfi kike buƙata ba, dubawa kike buƙata. A duk tsawon wasiƙarki ban ga inda kika ce wani ya sa fitila ya kalli bakin mahaifarki ba. Shekara uku ana harbi a duhu.

Ba kowane ruwa ne sanyi ba. Na kandida, wata ƙwayar cuta dangin yis, fari ne mai kauri, guda-guda, da ƙaiƙayi mai hana zama. Na rikicewar bakteriyar farji tsinkakke ne, launin toka, da ƙarni, musamman bayan saduwa. Na tirikomonas, wata cutar saduwa, kan yi kumfa, rawaya ko kore-kore, da zafi. Naki babu wari, babu ƙaiƙayi, sai yawa da yauƙi. Irin wannan ya fi kama da aikin waccan siririyar fatar da na yi wa 'yar'uwarki bayani a sama. Ita dama sana'arta fitar da ruwa. In ta fito waje ta yi faɗi, ruwan sai ya ƙaru. In haka ne, babu ƙwayar cutar da za a kashe, ko kin shanye duk maganin da ke kanti.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne ƙaiƙayin da kika ce ba ya zuwa sai kin gama shan magani. A cikin farji akwai bakteriya masu amfani da ake kira laktobasilai, su ke riƙe tsamin wurin a ma'aunin pH 3.8 zuwa 4.5, su hana baƙi zama. Antibayotik ba ya tambayar wa ke gida wa ke baƙo. In ya share su, kandida ta samu fili, sai ƙaiƙayi ya taso, sai ki ce sanyin ya dawo, sai a ƙara miki wani maganin. Wankin cikin da kike yi kullum shi ma aikin da yake yi ke nan, ga kuma fusata fatar da ba ta da kauri, ita kuwa in an fusata ta ƙara ruwa take yi. Ki daina yau. Waje kawai ake wankewa, da ruwa zalla. Ciki yana wanke kansa.

Ki ba jikinki hutu daga duk wani maganin sha da na cusawa, sannan ki je a duba ki, a ɗauki ruwan a gwada. Ki riƙa lura kuma da kwanakin da ya fi yawa. Idan tsakiyar lokacin da ke tsakanin haila da haila ne, kwanakin fitar ƙwai, wannan kowace mace mai lafiya tana yinsa. In gwaji ya fito babu cuta, aka kuma ga ektirofiyon mai faɗi, to ke kina cikin waɗanda nake ganin ya dace a yi wa aiki a wurin, domin macen da audugar mata ba ta rabuwa da jikinta wata da watanni ba za a ce mata ta yi haƙuri kawai ba. Ki karanta amsar da na ba mai tambaya ta biyar.

TAMBAYA: Anti, cikina na fari ne, wata biyar. Sau biyu ina ganin jini kaɗan a wando bayan mun kwanta da mijina. Yayata ta ce ita ma ta yi, aka ce mata jan bakin mahaifa ne, kada in damu. Zai taɓa jaririn?

AMSA: 'Yata, Allah Ya raba lafiya. Mai yiwuwa ƙwarai yayarki ta yi gaskiya. A lokacin ciki mabiyiya na zuba estirojin mai yawan gaske, jini kuma yana kwarara zuwa bakin mahaifa fiye da kowane lokaci, wurin ya yi laushi, abu kaɗan ya sa shi ɗigo. In shi ne, ba ya taɓa jariri, ba ya jawo ɓari, ba ya hana ki haihu da kanki, kuma ba a yi masa aiki da ciki. Yawanci wata 3 zuwa 6 bayan haihuwa ya koma inda ya fito.

Amma bakin mahaifar yayarki aka duba, ba naki ba. Jini da ciki, komai ƙanƙantarsa, ranar da aka gan shi ake kai shi asibiti, ba a jiran ranar awo. Abin da ake so a fara tabbatarwa shi ne inda mabiyiya ta zauna, domin wani lokaci takan sauko ƙasa ta tare hanya, ita ma jini take yi ba tare da ciwo ba, kuma tata maganar daban ce. Hoton ciki ne ke nuna wannan. Kafin a yi shi, ku dakata da saduwa, kada kuma ki yarda kowa ya sa yatsa ya duba ki. Idan rukunin jininki mai alamar nagetif ne, ki faɗa musu tun a bakin ƙofa, domin akwai allurar da ake yi wa irinku in an ga jini. In kuwa jinin ya jiƙa auduga, ko ya zo da guda-guda, ko da ciwon mara, ko ruwa ya fashe, ko jiri ya ɗebe ki, ko cikin dare ne ku kama hanya.

TAMBAYA: Likita, ni namiji ne, a gafarce ni da shigowa filin mata. Shekara biyu da aurenmu babu ko ɓatan wata. An duba matata, shekarunta 22, aka ce tana da wannan abu a bakin mahaifa. Wani abokina ya ce cuta ce da ake ɗauka wajen maza, kuma ita ke hana ciki zama. Maganar ta tsaya mini a rai, har na fara ja da baya da ita. Ki faɗa mini gaskiya.

AMSA: Malam, filin naka ne kai ma, kuma na ji daɗi da ka tambaya kafin ka yanke hukunci. Abokinka bai san abin da yake faɗa ba. Ektirofiyon ba a ɗaukarsa wajen kowa, ba a kuma shafa wa kowa. Ana samunsa a jikin budurwar da namiji bai taɓa kusantarta ba, ana samunsa a jikin jaririyar da aka haifa jiya. A shekara 22, lokacin da estirojin ke kan ganiyarsa, ganinsa ba abin mamaki ba ne ko kaɗan. Babu wani labarin jiya da za ka karanta a jikin matarka ta wannan hanyar. In ka riga ka nuna mata wani sauyi a fuska, ka san yadda za ka gyara. Mace tana gane irin wannan ja da bayan ko ba a furta ba.

Ba ya kuma hana ciki. Ruwan da wannan fatar ke fitarwa ma shi ne maniyyi ke iyo a cikinsa ya haura mahaifa a kwanakin fitar ƙwai.

Akwai ɗan guntun gaskiyar da wataƙila abokinka ya tsinta ya murɗe. Ƙwayoyin kilamidiya da gonoriya irin wannan siririyar fatar suke kamawa, saboda haka in ta fito waje, kuma cutar ta zo, ta fi samun wurin sauka. Amma sai an kawo ta. Kilamidiya kuwa shiru take zama a jikin mace da namiji duka, sau da yawa babu wata alama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sababbin kamu kusan miliyan 129 a shekarar 2020 kaɗai. Kilamidiyar ce in ta daɗe ba a magance ba takan haura ta toshe bututun ƙwai. Don haka gwajinta yana da kyau, amma ku biyu za a yi wa, in an samu kuma ku biyu za ku sha magani a lokaci guda.

Batun haihuwa, ƙa'ida ita ce in an yi wata 12 ana tare ba tare da kariya ba kuma ciki bai samu ba, sai a fara bincike. Kun wuce nan. Ba ku kaɗai ba ne, rahoton da hukumar ta fitar a 2023 ya ce kimanin mutum 1 cikin 6 na fuskantar wannan a rayuwarsa. A kusan rabin ma'auratan da ke wannan hali, akwai hannun ɓangaren namiji a matsalar. Gwajin maniyyi shi ne mafi sauƙi a duk jerin gwaje-gwajen, babu allura, babu yanka, amma shi ne kullum ake bari a ƙarshe bayan an gama wahalar da matar. Kai ka fara da shi.

TAMBAYA: Anti Likita, an yi mini duk gwaje-gwaje an ce lafiya lau, ektirofiyon ne kawai. Amma jinin bayan saduwa ya ƙi tsayawa har na fara gudun mijina. Likita ta ce za ta ƙona wurin. Kalmar nan ta firgita ni. Da wuta? Zan sake haihuwa kuwa?

AMSA: Ƙanwata, za ki haihu in Allah Ya so, wannan aikin ba ya shiga cikin mahaifa, saman fatar kawai yake taɓawa. Manufarsa a kawar da siririyar fatar da ta fito, mai kauri ta tsiro a madadinta.

Hanyoyi uku aka fi bi. Akwai ɗan tsinke mai sinadarin silba naitiret a kansa, a ɗan daddanna a inda ke jini, wurin ya yi fari-fari ko toka-toka nan take. Wannan ya fi dacewa da ƙaramin wuri. Akwai daskararwa, inda ake ɗora kan wani ƙarfe a bakin mahaifa, iskar gas ta sanyaya shi har ƙanƙara ta kama wurin na 'yan mintuna. Akwai kuma na zafin lantarki, wanda ake yi bayan an yi allurar kashe zafi a wurin. Babu harshen wuta a ko ɗaya. Abin da yawancin mata ke ji shi ne murɗar mara irin ta haila, kuma da ƙafarki za ki koma gida a ranar. An fi son a yi shi bayan kin gama haila, da tabbacin babu ciki.

Abin da ba a cika gaya wa mata ba shi ne na bayan aikin, sai su dawo a tsorace. Bayan daskararwa ko lantarki ruwa zai yi ta zuba, tsinkakke, mai yawa, wani lokaci da ɗan jini-jini, har mako 2 zuwa 4. Warkewa ce, ba lalacewa ba. A wannan tsakanin, kimanin mako 4, babu saduwa, babu cusa komai; na tsinken kuwa hutunsa bai kai haka ba, likitarki za ta faɗa miki. Ki sa maigida ya ji wannan daga bakin likitar da kansa, ya fi sauƙi a gare ki. In ruwan ya fara wari, ko zazzaɓi ya zo, ko mara ta riƙe da ciwo mai tsanani, ko jini ya fi na haila, ki koma ba tare da jira ba. Ki sani kuma yana iya dawowa, musamman in an sake ɗaukar ciki ko an ci gaba da ƙwaya mai estirojin.

Ke kin cika sharuɗɗan: gwaji ya fito lafiya, abin kuma ya shiga tsakaninki da mijinki. Ki yi. Wadda nake ja wa kunne ita ce wadda ta je asibiti don wani abu daban, ba ta jini, ba ta ruwa, aka hango jan zobe aka ce sai an ƙona. A tambayi dalili. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mafi muni kuma shi ne a ƙona wurin da ba a gwada ba, domin in akwai mugun abu a ƙasa, an rufe shi ke nan da sabuwar fata, ya ci gaba da aikinsa a ɓoye.

TAMBAYA: 'Yata likita, jikata ce ke rubuta mini. Shekaruna 58, haila ta ɗauke mini shekara bakwai ke nan. Kwanan nan ina ganin jini kaɗan-kaɗan, da wani ruwa mai ɗan wari. 'Yata ta taɓa yin irin wannan aka ce mata jan bakin mahaifa ne, ba komai. Na ce to gado ne, ba sai na je na buɗe jikina gaban yara ba. Ko akwai abin da zan sha?

AMSA: Mama, ina gaishe ki da girmamawa, kuma ki yi mini haƙuri, ba zan ba ki abin sha ba. Duk sassaucin da kika ji na yi wa 'ya'yanki a sama, ban da ke a ciki.

Abin da ya samu 'yarki na masu estirojin da yawa ne. Bayan haila ta ɗauke, estirojin ya faɗi, bakin mahaifa ya tsuke, waccan siririyar fatar ma komawa take yi can cikin ƙofa. Saboda haka a shekarunki ba a ɗora wa ektirofiyon laifin jini. Ƙa'idarmu ita ce, macen da ta yi wata 12 babu haila, duk jinin da ta gani bayan nan, ko ɗigo ɗaya ne, sai an bincika. Ruwa ba ya tsami banza.

Ba ina ce miki kansa ce ba. A mafi yawan mata irinki, abin da ake samu shi ne fatar farji da ta mahaifa sun yi siriri sun bushe saboda rashin homon, ko kuma ɗan tsiron nama marar illa, kuma duka biyun suna da magani mai sauƙi. Amma kimanin mace 1 cikin 10 masu irin wannan jinin ana samun kansar cikin mahaifa, ga kuma ta bakin mahaifa, wadda jini da ruwa mai wari suna cikin alamunta. A 2022 mata kusan 660,000 ne suka kamu da kansar bakin mahaifa a duniya, kusan 350,000 suka rasu, mafi yawansu a ƙasashen da ba a cika yin gwaji ba. Abin takaicin shi ne cuta ce mai tafiyar hawainiya. Ƙwayar HPV ke kawo ta, kuma a jikin mace mai ƙarfin garkuwa takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama kansa. Ga mai raunin garkuwa, kamar mai HIV da ba ta shan magani, shekara 5 zuwa 10. Duk tsawon wannan lokacin ana iya kama ta a kawar da ita. Ko ta riga ta zama, wadda aka gano da wuri tana warkewa.

Kunyar da kika ambata na fahimce ta. Ki ce mace kike so ta duba ki, haƙƙinki ne, kuma za a lulluɓe ki, wurin da ake dubawa kaɗai ake buɗewa. Za a kalli bakin mahaifa, a yi hoton da ke auna kaurin fatar cikin mahaifa, in ta kama a ɗauki ɗan nama. Dubawar kanta 'yan mintuna ce.

Ke kuma jika mai riƙe da alƙalami, na ɗora miki wannan: ki gaya wa mahaifiyarki yau, ku kai Mama cikin makon nan. In kun je, mahaifiyarki ta tambayi nata gwajin, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya na son kowace mace ta yi shi aƙalla sau biyu, a shekara 35 da kuma 45. In akwai ƙannenki mata 'yan shekara 9 zuwa 14, ku tambayi allurar rigakafin HPV. Nau'i biyu na ƙwayar, 16 da 18, su ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na wannan kansar, kuma allurar tana tare su. Ku tafi da duk magungunan da Mama ke sha a cikin jaka, musamman in akwai na tsinka jini, likita zai so ya gansu.